Ban-ruwa na uku na Boeta Toyer

Ranar Asabar, ashirin ga Disamba, da hantsi, Mai abu Ya karɓi abinSa. Toyer Samodien, wanda muke kira Boeta, wato Yaya, shugaban masu gyaran filin kurket ɗinmu a nan Cape Town, ya zauna a ƙofar ɗakin kayan aiki zai cire takalmin ruwa. Ya cire ɗaya, bai cire na biyu ba. Shekararsa saba'in da ɗaya, arba'in da shida daga ciki a kan ciyawar nan ya yi su. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa.

Boeta, ni ne Faldie, mataimakinka na shekara ashirin da biyu. An ce in rubuta wani abu a kanka saboda na fi kowa daɗewa a gefenka. Ba su san cewa na fi kowa jin kunyarka ba.

Ka ɗauke ni aiki lokacin da aka rufe masaƙar da nake, ban san komai game da ƙasa ba sai takawa. A shekarata ta biyu na manta ban rufe zirin tsakiya da tamfol ba, wurin da ake jifa da bugu, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf ana saura kwana biyu wasa. Ka shiga ofis ka ce kai ne ka manta. Da ka fito ka miƙo mini kusista, soyayyen fanken nan mai zaƙi, a takarda ka ce, "Ci, sakarai. In aka kore ka, wa zan riƙa zagi da safe?" Ba ka ƙara tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Kowa a filin nan ya san tsarinka. In babban wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar ya matso, sai ka ba zirin ruwa safiya uku a jere, ruwa mai zurfi, sannan a hau shi da injin daɓe. Na farko, in ji ka, na ciyawa ne, na biyu na laka, na uku kuma na rana ta biyar. Shi ke riƙe ƙasar kwana huɗu cur tana shan rana da takalma, sai a rana ta biyar ta fara tsagewa, ƙwallo ta riƙa kauce wa sanda, wanda ya san ba zai ci wasa ba ya tsaya tun safe har yamma don kada a ci shi. Wannan ranar ka yi wa aiki duk rayuwarka, tun zamanin wariyar launin fata da irinmu ba sa zama a rumfar manya.

Sai ga maganar rage wasa zuwa kwana huɗu. Shekaru ana jan ta a rediyo da jaridu, muna ganin kamar ba za ta iso mu ba, bana ta iso. Mista Lategan, manajan fili, ya tara mu ya ce wasan biyu ga Janairu na kwana huɗu ne, kuma dole a samu wanda ya ci. Saboda haka a bar zirin da ƙishirwa, a tsallake ban-ruwa na uku, ya fashe da wuri.

"Boeta, ka duba fa," in ji shi, "rana ta biyar tantabaru sun fi 'yan kallo yawa."

Ka ce, "To ai tantabarun sun fi ku sanin wasa ke nan."

Aka yi dariya, sannan aka ce wanda ya yarda da manaja ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa tare da Lategan. Ba zan yi maka ƙarya yanzu ba, na ga gaskiya a maganarsa: mutane ba su da kwana biyar na zama, 'yan wasa sun gaji, kuma ina da 'ya'ya uku a makaranta. Ka kalli hannuna, ba ka kalli fuskata ba. A hanyar fita ka ce, "Sauke shi haka nan, Faldie, an gani." Wannan ya fi mini zagin safiya ciwo.

Ba ka yi gardama da kowa ba, ka ci gaba da abinka. Juma'a ka ba da ruwa na farko, Asabar na biyu, sannan ka zauna cire takalmi.

A gidan makoki, ina tsaye da kofin shayi, Lategan ya ja ni gefe. Ya yi ta'aziyya da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Kai ne shugaba yanzu. Kar ka ba shi na ukun. In aka tashi canjaras, ba sunan mamaci za a kira ba, ka gane ko?" Na gane sarai. In na bi shi, na ɓata aikin ƙarshe da hannunka ya taɓa tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba. In na bi ka, kwana huɗu za su ƙare ƙasa ba ta motsa ba, jaridu su ce mataccen fili muka yi, a nemi wanda za a sallama. Na duba ko'ina ban ga ƙofa ba, kuma mutum ɗaya da zan tambaya shi ne muka binne.

Lahadi bayan asuba na je fili da niyyar in naɗe tiyo in kulle a ɗaki. Na same shi a shimfiɗe inda ka bar shi, bakinsa a kan zirin. Ba zan ce jarumtaka na yi ba. Shekara ashirin da biyu ni ke buɗe famfo in ka ɗaga hannu, kuma na buɗe. Na tsaya har ruwan ya kai zurfin da kake so. Wanda ya san ƙasa ya san ba a janye wannan. Litinin na faɗa wa Lategan, ya ce mu haɗu a ofis bayan wasa.

Za a tashi wasa ranar biyar ga Janairu. Washegari, ƙofofi a rufe, kujeru babu kowa, zirinka zai tsage daidai lokacin da ka tsara masa. Zan zo in gani a madadinka, in har ba a karɓe makullin daga hannuna ba.

Tietie Galiema, uwargidan Boeta, ke da 'ya'yanku Rugaya da Washiela da jikoki, ina yi muku ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Ya Allah, bawanKa Toyer ya rufa wa mutane asiri, Ka rufa masa nasa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabari, Ka sanyaya ƙasar da yake kwance a ciki, Ka haɗa shi da salihai a Aljanna. Ni kuma, Boeta, ban samu na ce ka yafe mini hannun nan ba, sai dai in roƙi Allah Ya isar maka.