Yadda Motar Ɗanjuma Ta Sha Tsamiyar Inna

Alhamis

Na fita daga gidana a Kaduna ƙarfe biyar da kwata na asuba, ko karyawa ban yi ba. Matata Rabi ta haihu, suna ranar Asabar da hantsi, ni kuwa hutun kwana biyu kacal aka ba ni a ofis don in ɗauko mahaifiyata da ragon suna daga ƙauyenmu, mil goma kafin Zariya. Jirgin ƙasa ba ya bi ta wurin, don haka na shiga tsohuwar motar katako ta wani direba, Ɗanjuma, a kan sule uku.

Tun daga Kawo na lura da halinsa. Duk rijiyar da ya gani sai ya tsaya ya ɗura wa lagireto ruwa, wato tankin da ke sanyaya inji, sannan ya zaro wani ƙulli daga aljihu ya barbaɗa a ciki. Na tambaye shi, ya ce garin kuka ne, yana toshe yoyo. Na ce to miya muke dafawa ko tafiya muke yi? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Mil arba'in sai da ta cinye mana awa biyar.

Jumma'a

Ƙarfe tara Ɗanjuma ya biyo ta kanmu a hanyarsa ta komawa. Inna ta fito da kaya kamar mai ƙaura: daddawa, gero, tabarma, rago, ga kuma buhun tsamiya guda na kunun mai jego. Raina ya ɓaci. Na ce mata tsamiya tana nan jibge a kasuwar Kaduna, mene ne na wahalar da mutane? Da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, ba ta ma dube ni ba, ta ce a ɗora.

Mun wuce Jaji da kyar. Ƙarfe ɗaya saura, muna shiga Katabu, murfin lagireto ya yi tsalle, tururi ya turnuƙe, ƙamshin miyar kuka ya cika mota. Ɗanjuma ya ce ƙaramin abu ne. Na so in shaƙe shi.

Akwai wani makaniki a bakin hanya, Malam Tanko, wanda ya koyi aikin a soja. Ya kwance lagireton, ya ɗaga shi sama, rana tana leƙowa ta wuri shida. Ya ce wannan kam ya mutu, amma yana da na wata mota da ta faɗi bara. Ina cikin hamdala ya zura yatsa a bakin tiyon inji, ya fito da wani farin abu mai tauri kamar ɓawon ƙwai. Ya ce ruwan rijiya ne na shekara da shekaru ya daskare a hanyoyin ruwa, kuka kuma ta liƙe shi. In ya ɗaura lagireto a haka, kafin Rigachikun ya toshe. Maganin wankewa kuwa sai an aika kanti a Kaduna, ya zo Litinin.

Litinin! Na tsaya a titi ina ɗaga hannu har la'asar. Motoci biyu suka wuce maƙil, direban ta uku ya ce zai ɗauke ni amma ban da rago, ban da kaya. Inna ta ce in tafi, za ta biyo baya. Ina zan shiga gidan suna babu rago, na kuma bar tsohuwa a bakin hanya? Sunanta ma za a sa wa jaririyar.

Ina ta faɗa da Ɗanjuma, Inna kuwa ta tsuguna tana murza farin abin nan a tafin hannu. Ta dubi makanikin.

"Malam, wannan ba shi ne ke kama gindin butar ƙarfe ba?"

"Shi ne, Inna."

"To mu da ruwan tsamiya muke fitar da shi."

Na ce Inna ki bari, inji ba tukunya ba ne. Malam Tanko ya sosa ƙeya, ya ce a kawo buhun. Matan gidansa suka hura wuta, aka jiƙa tsamiya a garwa huɗu, aka tafasa, Inna ta tace da gefen mayafinta. Ya toshe tiyon ƙasa da totuwar masara, ya ɗura ruwan da zafinsa ta sama, ya ce sai ya kwana. Muka ci tuwon dawa na sisi, na kwana a zaurensa, ragon yana kuka a kaina.

Asabar

Muna idar da sallar asuba Malam Tanko ya zare totuwar. Abin da ya zubo ba shi da kyan gani: ruwa ja wur, da ɓarɓashi fari, da dunƙulen kuka. Ya ɗauraye da ruwan rafi sau biyar har ya fito garau, sannan ya ɗaura ɗaya lagireton, ya ƙulle tiyo. Kafin mu hau ya sa hannu a aljihun Ɗanjuma ya zaro ƙullin kuka ya miƙa wa tasa matar ta kai madafa, ya ce nan ne wurinta.

Mun tashi ƙarfe bakwai da minti goma. Rigachikun ba mu tsaya ba, Kawo ma haka, Ɗanjuma yana kallon rijiyoyi suna wucewa. Takwas saura kwata muka iso ƙofar gida, liman ya riga ya zauna, ƙanena yana raba goro yana leƙen hanya. Aka yanka rago, aka raɗa suna.

Da na shiga cikin gida na tarar Inna tana kwance bakin zaninta. Ashe ta ɓoye tsamiya cikin tafi guda. Ta miƙa wa Rabi, ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, sauran mota ta shanye. Amma maigidanki ya ce akwai a kasuwa."

Mata suka kwashe da dariya. Na ɗauki kwando na nufi kasuwa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Malam Tanko na Katabu. Inna kuwa na yi mata godiya da na dawo, ta ce tsamiyar da na sayo ba ta da kyau.