Jirgin Baba a Tsohon Ekaran

Shekarar da idon Inna ya fara yin hazo, yayana da ke aiki a Kotonu ya aiko mini da ƴar kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, a hannun wani direba. A ciki akwai bidiyon Baba, wanda ya ɗauka da wayarsa a zuwansa na ƙarshe kafin Baba ya rasu. Baba masunci ne. Bidiyon duka a bakin kogi aka yi shi, can ƙasa da gada, inda yake ɗaure jirginsa.

Na sa kile a ƙaramar ordinatar, kwamfutar da nake shirya wa ɗalibaina darasin lakwal da ita, na ajiye a cinyar Inna. Ta kawo fuska kusa, ta ja baya, ta sake kawowa. Daga ƙarshe ta ce ita dai tana ganin wani abu yana motsi kamar ƙwaro a faifai, amma ba za ta rantse mijinta ne ba. Ta miƙo mini abina ta koma tsintar shinkafarta.

A ɗakin ajiya muna da wani tsohon ekaran, allon ordinatar mai kama da talabijin, irin mai ƙatuwar ƙeya. Na kawuna ne. Ya taɓa buɗe wurin shiga intanet kusa da tasha, da wayoyi suka yi yawa a hannun mutane sai ya rufe ya koma noma a Tanda, ya bar mana wannan ɗaya. Kaza ta sha yin ƙwai a bayansa. Na fito da shi da ƙyar, na goge, na sa a kuran, wato lantarki. Ya yi wani ɗan nishi, fitilarsa ta kama. Sai dai igiyarsa mai shuɗin kai ce, da ƙananan haƙora a jere da kusoshi biyu na murɗawa, ordinatar tawa kuwa ba ta da ramin da zai karɓi wannan kan. Nata ramin siriri ne, shimfiɗaɗɗe. Na juya kan igiyar ta kowace fuska ina gwadawa, ko da yake na san ba zai shiga ba.

Akwai wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutum mai yawan fara'a, rumfarsa cike da gawar rediyo da caja. Na kai masa igiyar da ordinatar. Ya duba, ya ce abu mai sauƙi ne, ya zaro wata baƙar igiya mai kai iri biyu, ɗaya irin na da, ɗaya irin na yanzu. Na hau kabu-kabu na dawo gida da murna. Kowane kai ya zauna daram a wurinsa. Ekaran ya yi shiru, baƙi ƙirin, ba abin da nake gani a ciki sai fuskata da ƙofar ɗaki a bayana.

Da na mayar masa, shi ma mamaki ya yi. Ya kira wani abokinsa a Malanbil, suka daɗe suna magana da Dendanci. Da ya ajiye wayar ya ce mini ashe shigar kai ba ita ce magana ba.

"Malama, su biyun ba harshe ɗaya suke ji ba," in ji shi. "Igiya kawai ba ta isa. Sai an sa musu tafinta a tsakani."

Tafintan shi ne adaftatar, wani ɗan farin akwati mai guntun wutsiya. Babu shi a Gaya a lokacin, sai ranar kasuwa za a hayo da shi daga Malanbil. Na jira. A kwanakin nan ekaran yana zaune a kan tabarma a tsakiyar ɗakin Inna, ta lulluɓe shi da tsohon zane saboda ƙura, wani lokaci har ta ɗora masa ƙwaryar fura.

Ranar da adaftatar ya iso, bayan la'asar ce, hadari ya taso ta wajen kogi amma bai sauko ba. Na sa wutsiyar a ordinatar, na haɗa shuɗin kan da ɗaya gefen, na murɗa kusoshin. Da farko layuka ne suka yi ta gudu sama da ƙasa. Na rage girman hoton kamar yadda aka kwatanta mini, ekaran ya ɗauke, ya yi ƙas, sannan haske ya buɗe a hankali daga tsakiya.

Ga Baba a tsaye cikin jirgi, riƙe da gora.

Amma komai ya fito kore-kore, mai ratsin shuɗi. Ruwan, sararin sama, farar rigarsa, har fatar hannunsa. Daga baya na gano ɗaya daga cikin haƙoran igiyar ne ya lanƙwashe, shi ya hana jan launi wucewa. Kuma babu sauti ko kaɗan, domin tsohuwar igiyar hoto kaɗai take ɗauka, ordinatar kuma ta tura muryar can inda ba mai karɓa. Sai ya zama kamar muna leƙen Baba daga ƙarƙashin ruwa. Yana tura jirgin, jirgin yana tafiya ba ƙara, ciyawar bakin gaɓa tana kwanciya tana tashi, wani farin tsuntsu da ya koma kore ya ratsa ta bayansa.

Na miƙa hannu zan gyara. Inna ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi haka," ta ce. "Ina ganinsa."

Ta matso har gwiwarta tana taɓa ekaran. Baba ya juyo yana magana, bakinsa yana motsi. Ni na riga na saurari bidiyon ni kaɗai, na san ba a jin komai sai iska da dariyar yayana. Amma Inna ta fara faɗin abin da yake cewa, da Dendanci, a hankali, kamar tana maimaita wa kurma. Wai yana cewa yayana ya zauna kada ya kifar da su. Wai yana ƙorafin ruwa ya ja baya bana. Da ya ɗaga wani kifi yana nuna wa waya, ta yi ƴar dariya ta ce ƙarya yake yi, wannan ba shi ya kama ba, ta san girman abin da tarunsa ke kawowa.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Ɗakin ya yi duhun hadari, hasken kore ya kwanta a fuskarta da bangon ƙasa da kwanukan jerenta. Na ji kamar ɗakin ma yana tafiya a kan ruwa. Da bidiyon ya ƙare ta ce in mayar da shi farko.

Bayan kwana biyu na ɗauki allura na miƙe haƙorin nan, launuka suka dawo daidai. Inna ta kalla, ta ce yanzu hasken ya yi mata yawa, yana sa idonta ruwa, kuma rigar ta cika fari har ba ta ganin fuskarsa. Sai na sake lanƙwasa shi da hannuna.

Duk daminar nan haka muka yi. In na dawo daga lakwal kuma akwai kuran, sai in haɗa mata. Ƙanwar Baba ta zo daga Yelu ta kwana uku, su biyu suka zauna gaban ekaran suna gardama a kan ko wane tsibiri ne ake hangowa a bayansa. Maƙwabciyarmu ma takan shigo da tsintar wakenta. Kowace rana maganar da Inna ke sa wa bakin Baba tana ɗan sauyawa. Wata rana faɗa yake yi, wata rana yana tambayar abin da aka dafa.

Ekaran ya kai mu har bayan girbin shinkafa. Wata rana da hantsi hoton ya tsuke ya koma ɗigo ɗaya a tsakiya, ya ɓace, muka ji ɗan warin ƙuna. Mai gyaran waya ya zo har gida ya buɗe bayansa, ya girgiza kai. Yayana ya ce zai aiko da sabo, marar kauri, wanda ba ya bukatar komai a tsakani. Na gaya wa Inna. Ta ce to, Allah ya yi masa albarka, amma kada ya yi gaggawa. Sannan ta ce in taimaka mata mu fitar da shinkafa shanya tun rana ba ta yi zafi ba.