Albarkar da Na Hana Nicanor

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga Maris, Nicanor Tejeda ya rasu. Zuciya ce ta tsaya masa a mota yana dawowa daga Santo Domingo. Shekararsa arba'in da tara. Rediyo ya ce an yi rashin ɗan majalisa. Ni yaron da na riƙe ranar da Fada, limamin cocinmu, ya zuba masa ruwan baftisma na rasa, shi ya sa yake ce mini Madrina, wato uwar baftisma. Aji biyu na yi a makaranta, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Nico, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Kana da kirki. Da mijina Eladio ya kwanta ciwon ajali, kai kake zuwa ka yi masa aski, ku buga domino kana barinsa ya ci. Da guguwa ta yaye mini kwanon ɗaki, kai ka hau da kanka, da takalmin ofis. Tun kana ɗan mitsitsi ba ka taɓa wuce ƙofata ba sai ka ce, "Albarka, Madrina." Ni kuma in ce, "Allah ya yi maka albarka."

Kana asibiti ranar da Yuderka ta tafi. 'Yata ɗaya tak. Cikin wata huɗu, jini na zuba, likitoci sun ce ɗan ba zai rayu ba, amma doka ta hana su cire shi sai zuciyarsa ta tsaya. Tata ta riga. Kai ka kama akwatin gawarta ta gaba.

Shi ya sa da ka fito takara ka ce za ka tsaya a halatta cire ciki a kan dalilai uku, wato in ran uwa na cikin haɗari, in fyaɗe ne, ko in ɗan ba zai rayu ba, ban nemi ka rantse ba. Ka ce, "Madrina, manya sun rabu biyu daidai. Matasa ne za su raba gardama, kuma ni ba sa jin maganata."

Tawa suka ji. Na yayyanka koren yadi na yi ƙyallaye, alamar masu goyon bayan dalilai ukun, na ɗauki hoton Yuderka, na bi tashar 'yan acaba, na bi shagunan gyaran gashi, da wannan gwiwar tawa mai ciwo. Akwai Massiel, mai gyaran farce, wadda duk 'yan matan unguwa ke bi. Ta ce, "Doña Femia, don Allah ki je ki huta. Duk maƙaryata ne."

Na ce, "Wannan ni na wanke masa kashi. In ya ci amanarku, ni za ku zo ku kama."

Ranar zaɓe na ɗora tukunyar farfesun sankocho a bakin titi, na ce wanda ba tawada a yatsarsa ba shi da kwano. Da ratar ƙuri'a sittin da uku ka ci, Nico. Na san fuskokinsu.

Ranar da aka kawo dokar majalisa, mun cika shagon kwanar layinmu muna kallon talabijin. Aka jero sunaye. Naka ya fito: ba ya nan. Wai cikinka ne ya murɗa, ka fita. Kafin la'asar sun raɗa maka Onorabul Banɗaki. Massiel ta zo ta ajiye ƙyallenta a kan teburina ta ce, "Kin ce mu zo mu kama ki. To, ga mu." Zaɓen da ya biyo baya, yaran nan ko leƙowa ba su yi ba.

Ran Lahadi ka zo. "Albarka, Madrina." Na ci gaba da ɓare wakena. Ka ce, "Da na danna maɓallin ƙuri'ar nan, da manya sun gama da ni." Na ce, "Yuderka fa, wa ya gama da ita?" Shekara uku kana tsayawa a ƙofar nan duk Lahadi kana roƙo, ban amsa ba ko sau ɗaya. Ban yi nadama ba, kada wani ya ce na yi.

Jiya matarka Belkis ta riƙe mini hannu ta ce in sa maka albarkar kafin a kwashe kyandirori ranar addu'ar kwana tara, don kada ka tafi haka. Belkis, ke da yara ba ku yi mini komai ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya su. Allah ya jiƙansa, ya sassauta masa.

To, Nico, buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Allah ya yi maka albarka. Ta askin Eladio ce, da kwanon ɗakina. Maganar dalilai uku kuwa ba tawa ba ce balle in yafe. Yuderka na can inda ka tafi. Ka yi mata bayanin ciwon cikin da bakinka.