Ramin Nomau na Biyu

A watan Afrilu na 2021, bayan an rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan, Nomau ya fara haɗuwa da Rhissa a tashar motar Arlit. Nomau mutumin Tahoua ne. Ya zo arewa yana saurayi, ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙarƙashin ƙasa yana tokare rufin rami don kada ya rufta wa ma'aikata. Rhissa kuwa direba ne ɗan Dannet, yana da tsohuwar Pijo mai dogon baya wadda yake son rabuwa da ita. Bai ɓoye aibinta ba: ya ce injin lafiya lau, amma amortisar na baya, wato ƙarafan da ke shanye girgiza, sun mutu.

Saboda matarsa Balki Nomau ya sayi motar. Aiki ya ƙare, 'ya'yansu duk sun koma kudu, shi ma gida yake so. Amma Balki ta daɗe da ciwon baya, hanyar Agadez kuma kwaltarta ta cinye, sai ramuka da tsakuwa. Ta ce gara a bar ta a Akokan da a sa ta cikin motar haya. Dabararsa ita ce ya kwantar da kujerun baya, ya shimfiɗa mata katifa, ya tuƙa a hankali.

Ya samo sababbin amortisar cikin kayan da ake shigowa da su ta Assamakka. A tsakar gida ya ɗaga motar da jak, ya jera duwatsu ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa kowane ɗaya da ƙarfe yana saurare kamar yadda ya saba yi wa rufin rami, sannan ya shiga. Tsofaffin sun zubar da mai, da hannu ɗaya ya matse su ba su dawo ba. Ya sa sababbin, ya ɗaure su tamau tun motar tana rataye, har da ƙara bututu a hannun sufana, domin a aikinsa na dā ƙusa mai sako-sako ajali ce.

Da suka fita gwaji zuwa Arlit shi da Balki, robar da ke bakin ƙarafan ta murɗe ta yage. Motar ta dinga bugu. Balki ta kwanta kwanaki ba ta iya miƙewa, ta ce maganar tafiya ta ƙare.

Rhissa ya zo dubiya, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya yi dariya.

"Malam Nomau, mota ba dutse ba ne. Ka ɗaure shi yana sama. Sai ka sauke shi, ka loda masa kayan da zai ɗauka, ya zauna, sannan ka ɗaure. Ko raƙumi haka muke masa."

Nomau bai yi gardama ba. Sai dai motar da aka loda wa kaya tana kusa da ƙasa, mutum ba ya shiga, shi kuma ba zai kwanta ƙarƙashin nauyin da ke kan jak ba. Washegari ya ɗauko diga da shebur ya fara haƙa a tsakar gida, tsawon mutum, zurfin ƙugu. Ya tokare gefunan da katako. Balki tana kallonsa daga kan tabarma.

"Baban Bashar, an rufe maka rami guda, ka haƙo wani?"

Ya ce wannan ba shi da nisa da gida.

Ya sake robobi, ya tura motar bisa ramin. Aka loda tukwane, akwatuna da jarkokin ruwa. Saura katifa da mai katifa. Ya roƙe ta ta hau, ya yi mata alkawari ba zai tayar da inji ba, nauyinta kawai yake so. Ta ce tunda ta zama buhun gero, a ɗora ta. Maƙwabciyarsu Lalla ta kama ta, ta kwanta. Nomau ya sauka ramin ya ɗaure ƙusoshin daidai ƙarfin hannu, ya bar bututun a ƙasa.

Da ya fito, Rhissa ya danna bayan motar da duka nauyinsa ya saki. Ta taso sau ɗaya ta tsaya. Daga ciki Balki ta tambaya ko sun fara. Aka ce mata an gama. Ta ce tunda tana ciki, a kai ta ƙarshen layi ta ji.

Bayan ƙaramar Sallah suka bar Akokan, suka isa Tahoua lafiya. Balki ta rasu a 2023 cikin danginta. Nomau yana nan, yana dakon albasa da Pijon zuwa kasuwannin ƙauye. Wanda ya sayi gidansu na Akokan bai cike ramin ba. Direbobin unguwa, har da Rhissa, a nan suke juye mai.