Batirin Kawu Isa da Muryar Iya

Iya, kakata, ba ta iya tatsuniya cikin lallashi ba. Bayan magariba takan zauna gaban murhu a tsakar gidanmu na unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi tana gasa rogo, ta ce, "To, ga ta nan ta iso. Mai amsa mini da yaren Sango ya tashi ya ba ni wuri." Mu yi tsit, don muciya na kusa da hannunta.

Akwai ta wani falke da zai ƙetare daji kwana uku. Ya je sayen salkar ruwa, ya zaɓi 'yar ƙarama. "Kansa kaɗai ya ƙirga, sakarai!" in ji Iya. "Jakinsa ba ya shan ruwa ne? Matarsa dutse ce?" Rana ta biyu ruwa ya ƙare, jaki ya kwanta bai tashi ba, matar ta bi wani ayari.

Da na girma na koyi kwamfuta, na ɗauki muryar Iya kafin ta rasu, na adana duka a kwamfutar gida. Wutar Bangi kuwa kowa ya san halinta. Na ce wa Kawu Isa, wanda gidan ke hannunsa, a sayo ondiler, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Na lissafa yawan wutar da kwamfutar da allonta ke ja, na rubuta masa girman da zai riƙe su rabin awa.

Kawu ɗan kasuwar sukari ne, komai da hannu yake auna shi. Ya dawo da wani ɗan mitsitsi. "Na jinjina shi, da nauyinsa. Ke za ki koya mini sayayya?" Har fankarsa ya jona a kai, don rainin hankali.

Sai rikici ya zo. Aka ƙona gidaje a unguwar Miskine. Wata safiya aka ce mun samu wuri a motar Kamaru, a fito yanzu, kowa jaka ɗaya. Na shiga kwashe muryar Iya zuwa 'yar ma'ajiyar aljihu, minti ashirin nake nema. Wuta ta ɗauke. Akwatin ya yi ƙii-ƙii minti huɗu, ya mutu, direba kuma na ta danna hon. Bayanmu aka wawashe gidan.

Ina yarinya na ɗauka wautar falke ake wa dariya. Yanzu na gane abin da ke ƙona wa Iya rai: shi ya zaɓa, wasu suka sha ƙishirwar. Kawu ya ce mini, "Haba, ai tatsuniya ce kawai." Wallahi har yau gaisuwarsa ɗaci take mini a baki.

Tatsuniyoyi uku suka tsira a ma'ajiyar, ta huɗu ta yanke a tsakiya. 'Yata takan saurare ta, muryar ta tsaya, ta juyo ta ce, "Mama, sai me ya faru?"

Ni kuwa na manta.