Hannun da Agwagin Léontine Suka Sani

Shekara arba'in da ɗaya muna maƙwabtaka da Léontine Darrouy, gonar masara ɗaya ce tsakaninmu, kuma ban taɓa ganin ta kwana a wani gari cikin sanyi ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take yi wa agwagi ɗura. Safe da yamma za ta zauna a kan guntun benci, ta matse agwagwa tsakanin gwiwoyinta, ta zura mata mazurari a maƙogwaro, ta riƙa tura dafaffiyar masara tana shafa wuyan da yatsu biyu. Mako biyu ake yi, hanta ta kumbura ta yi fari, sai yanka. A kasuwar garin Samatan ranar Litinin, masu saye ba sa ma latsa hantar da ta kawo, da sun ga fuskarta sai su miƙa hannu.

Ni ma na yi sana'ar kafin bayana ya ƙi, amma ban kama ƙafarta ba, kuma na daɗe ina jin haushin hakan. In ta yanka maka hantar nan a kan gasasshen burodi ta barbaɗa gishiri, narkewa take yi a baki kamar man shanu, sai ka nemi surutu ka rasa.

A wajenmu kowa ya san wanda ya fara ɗura shi zai ƙarasa. Agwagwa ta saba da hannu ɗaya. In aka canja mata sai ta firgita, ta ƙi narkar da abinci, wata ma ta mutu. Wannan ne ya ɗaure Léontine a gida. Ko ranar da aka binne mijinta Firmin, daga maƙabarta ta wuce rumfar agwagi da baƙaƙen kayanta. Mutane sun yi ta gulma, ni ce na rufe musu baki.

'Yarta ɗaya, Maylis, ma'aikaciyar jinya a Nantes. Da hantar nan aka yi mata karatu, amma tun da ta girma ta daina ci. Ta ce azabtar da dabba ne. Léontine ba ta iya gardama ba, sai dai duk Kirsimeti ta aika mata da kwalbar hanta guda, Maylis kuma ta ba wa maƙwabta. Da Maylis ta haifi 'ya, Ninon, sai ta ce ba za ta kawo yarinyar gidan da ake ɗura ba. Shekara huɗu Léontine ba ta ga jikarta ba sai a hoton waya. Takan zo wajena da yamma ta zauna, ta nuna mini hoton da na riga na gani sau goma. Kaɗaici ya ci ta, ba sai an faɗa maka ba.

Bana ta kira Maylis ta ce ta amince: ba za a yi ɗura a gidanta ba, su zo Kirsimeti. Maylis har da kuka a waya. Washegari sai ga Léontine a ƙofata da amalanke cike da agwagi talatin.

Na ce, “Léontine, wannan kuma fa?”

Ta ce, “Aron rumfarki zan yi, Odette. Ai cewa ta yi ban da gidana.”

“Kin tabbata abin da take nufi ke nan?”

“To me kuma? Warin ne ba ta so, da ƙarar. Ke dai buɗe mini ƙofa, tsohuwar banza, sanyi nake ji.”

Na buɗe. Ba zan ɓoye ba, ni ma a lokacin ban ga laifin abin ba. Mu a wajenmu ɗura aiki ne kamar shara, in baƙo ba ya son gani sai ka kawar masa daga ido. Wallahi ba yaudara ta yi niyya ba. Kwana uku ta yi tana wanke gida, ta koyi dafa wake da kabewa ba kitsen agwagwa, tana ɗanɗanawa tana yamutsa fuska. Ta so ta gama ɗurar kafin su iso, amma agwagin sun zo mata a makare, ranar Kirsimeti saura kwana biyu a yanka.

Su Maylis sun iso da hantsi, aka gayyace ni cin abinci. Ninon ta haye cinyar kakarta tana wasa da kunnenta, Léontine ta kasa cin komai don murna. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ƙarfe biyar na yi, sai ta sauke yarinyar, ta ɗauki rigar sanyi, ta ce za ta leƙa gidana ta dawo. Ko ɓoye tukunyar masarar ba ta yi ba, a hannu ta fita da ita.

Maylis ta bi tukunyar da ido, sannan ta dube ni. Na sunkuyar da kai kamar ɓarauniya. Ta tashi ta bi uwarta, ni ma na bi su da sandata.

A bakin rumfa Maylis ta tsaya. Léontine na zaune, agwagwa tsakanin gwiwoyi, mazurari a wuya.

“Mama, kin ce kin daina.”

“Na ce ba a gidana ba, 'yar nan. Nan gidan Odette ne.”

“Haba Mama! Kina ganin katangar ce ta dame ni?”

“To in bar su su mutu? Hannuna kaɗai suka sani. Kwana biyu ne, ki yi haƙuri.”

“Kullum kwana biyu ne. Tun ina ƙarama kwana biyu ne.”

Maylis ta juya ta tafi. Léontine ta ci gaba da ɗura, tana cewa fushi ne, zai wuce. Ta saki waccan ta kamo wata, ta kamo wata. Ta zura mazurari ke nan muka ji an tayar da mota.

Na ce, “Tashi mana! Tafiya za su yi!”

Ta yunƙura, sai ta koma ta zauna. Mazurarin na can cikin maƙogwaro, in ta fizge shi da sauri zai yaga wuyan agwagwar. A hankali ta zare shi, kamar yadda ta saba, ta shafa wuyan, ta ajiye agwagwar a ƙasa. Sannan ta ruga, mace mai shekara saba'in, takalmin roba na fita daga ƙafarta.

Kafin ta kai titi motar ta sha kwana. Ta daɗe a tsaye a wurin. Da ta dawo na ce ta zo mu shiga ciki ta sha wani abu mai zafi. Ta girgiza kai, ta zauna a kan bencin.

Ta ce, “Saura tara ba su ci ba.”