Akwatin Habiba

Malam Musaddiƙ ba ya wuce ƙofar gidan ɗalibinsa bai sauka daga keke ba. Ko ba kowa a waje sai ya yi sallama, ya jira, ya tambayi lafiyar gida. A haka ya san wanda ke kora awaki kafin ya zo aji, da wadda ke kai nono kasuwar Gwiwa. Har ya ɗauka ya gama sanin mutanen.

Sai shekarar da ɗalibarsa Habiba ta ci jarabawar makarantar kwana ta Kazaure. Aka ce in gida ba su amince ba kafin wata ya mutu, gurbin zai koma hannun wata yarinyar.

Ya tarar da mahaifinta Lado a ruga yana tufkar igiya.

"Habiba ta ci, Malam Lado. Ka yarda ta tafi?"

Lado ya dubi gabas. "Kana ganin hadarin nan zai sauko kuwa?"

Ya sake tambaya, aka ba shi labarin saniya mai ɗingishi. Uwar yarinyar kuwa ta miƙo masa ƙwaryar fura, ta ja mayafi ta shige bukka. Ya koma gida bai san ko an yarda ko an ƙi ba.

Aka tura shi Roni wurin Goggo Dela, wadda ta yaye yarinyar. Da ta ji labarin, ta yi dariya har da tari.

"Allah gafarta Malam, 'yar fari ce fa. So kake ya kama sunanta a gabanka?"

"To ke kin amince, Goggo?"

"Ni? Goyo kawai na yi. Je ka tambayi ubanta."

Saura kwanaki kaɗan, ya buɗe ƙofa da safe ya ga akwatin ƙarfe sabo, da katifa a naɗe, da bokiti. Igiyar da aka ɗaure katifar ta yi masa kama da wadda ya gani a ruga. Ranar kasuwa kuma ya ji an ce Lado ya sayar da ɗan bijimi.

Malam ne ya raka Habiba tasha.

Ya ƙudura zai yi wa Lado godiya. Yanzu Habiba na aji uku. Malam yakan jingine keke a bakin ruga, su gaisa, su yi zancen damina da ciwon shanu. Da zarar ya buɗe baki zai yi godiyar, sai Lado ya dubi gabas.

Har yau bai yi godiyar ba.